Kafin ka sayar da akuya don canja sikirin ɗin laftof

Yau da kaina zan fara, don kada wani ya ce ina zaune a inuwa ina yi wa mutane wa'azin abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba.

Da kakar 2024, an kai gero rumbu ana cikin cirar gyaɗa, na sa ƙanena ya ja min wata jar akuya zuwa kasuwar Dambatta. Akuyar da sunana ake kiran ta, amma wahalarta ta Inna ce. Shekara biyu tana bin ta da dusa da harawa da ruwan tsari, ta ɗaure ta da damina don kada ta shiga gonar mutane, ta sake ta da rani. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na arewacin Kano ya san matsayin akuya a gida. Gonakinmu ƙanana ne, sun manne da juna, babu wadda ake bari ta huta, abin da aka noma kuma da ƙyar yake kai gida zuwa wata kakar. Saboda haka akuya ita ce asusu. Ita ce kuɗin asibiti idan ciwo ya tashi cikin dare, ita ce kuɗin rajistar makaranta, kashinta kuma shi ne takin gona. Wannan asusun na fasa, wai don in canja sikirin ɗin laftof ɗina.

Abin da ya ja ni ba wani abu ba ne illa ido. Aikin jarida nake karanta, kuma a ajinmu kusan kowa yana taɓa haɗa bidiyo ko zanen fosta. Wata rana muna aikin rukuni da wani abokina, laftof ɗinsa tana kusa da tawa, muka buɗe hoto iri ɗaya. A tasa hoton ya fito tas, kamar ka miƙa hannu ka taɓa mutumin. A tawa kuwa sai ka ce an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Ya yi dariya ya ce, "Ai taka HD ce kawai, tawa Full HD." Tun daga ranar na daina jin daɗin kwamfutar da ta yi min hidima shekara biyu ba ƙorafi. Ka kuma san halin TikTok da YouTube. Ka kalli bidiyo ɗaya na wani Bature yana cire tsohon sikirin yana sa sabo cikin minti biyar, shi ke nan, duk inda ka juya shi za su riƙa turo maka har sai ka ji kamar kai kaɗai ka rage a duniya da tsohon gilashi.

Bari in yi maka bayanin abin da ake rigima a kai, don da yawa muna faɗin HD da 4K ba mu san me muke ƙirgawa ba. Hoton da kake gani a sikirin ƙananan ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar saƙar tabarma. Yawancin laftof na hannu da ake shigo mana da su masu araha suna da ɗigo 1366 a kwance, 768 a tsaye, wato miliyan ɗaya da 'yan kai. Shi ne HD ɗin da abokina ya raina. Full HD kuwa 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye, ɗigo 2,073,600, kusan ninki biyu. Shi kuma 4K, 3840 ne da 2160, ɗigo fiye da miliyan takwas. Tunda faɗin gilashin bai canja ba, idan ɗigon ya yi yawa sai ya ƙara ƙanƙanta, saƙar ta ƙara matsewa, gefen harafi ya daina yin tsini-tsini. A sikirin mai inci 15.6, HD yana ba ka ɗigo kusan 100 a kowane inci, Full HD kusan 141.

Ga kuma wani abu da ke ƙara mana ƙyashi ba mu lura ba. Wayar da ke aljihunka, ko da irin mai araha ce mai ɗigo 720 da 1600 a inci shida da rabi, tana da ɗigo kusan 270 a kowane inci. Idonka ya wuni a kan wannan, sai ka buɗe laftof mai 100. Dole ka ga kamar an shafa mata man kaɗe.

To, na ɗauki kuɗin akuya na hau mota zuwa birni. Na sami wani mai gyara, ba zan faɗi shagonsa ba, don rabin laifin nawa ne. Na ce masa, "Injiniya, Full HD nake so ka sa min." Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban tambaye shi ba. Ya ɗauko gilashi mai inci 14 irin girman nawa, ya ɓare gaban, ya soke wayar, ta shiga daidai. Muka kunna. Fanka tana juyawa, fitilar gefe tana ci, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Ya cire ya sake sawa, ya hura, ya sake sawa. Shiru. Can ya sosa ƙeya ya ce, "Ɗalibi, sai an canja kebul, kuma babu irinsa a hannu, sai jibi."

Daga baya ne na karanta na gane abin da ya faru. Wayar da ke haɗa sikirin da cikin laftof iri-iri ce. Tsofaffin laftof, irin waɗanda aka ƙera kafin 2013 ko wajen nan, galibi suna amfani da tsarin da ake kira LVDS mai haƙora 40. Na baya-bayan nan suna amfani da eDP, mafi yawa mai haƙora 30. Waɗannan biyun ba sa ga maciji da juna, ko ka sami bakin da ya shiga ba za su yi aiki tare ba. Ko a cikin eDP mai haƙora 30 ɗin ma akwai wani tarko. Sikirin na HD layi ɗaya ya ishe shi ɗaukar hoto, Full HD kuwa layi biyu yake buƙata, kuma wasu kamfanoni don rage kuɗi sai su sa kebul mai layi ɗaya tak a samfurinsu mai araha. Baki ya yi daidai, hanya ce ba ta isa ba. Abin da ya same ni ke nan. Kebul ɗin da aka ce jibi sai da ya kwana shida, na yi zuwa uku tsakanin ƙauye da birni, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kafin in rungumi laftof ɗina in kama hanyar gida, babu ko ƙafar akuyar nan a aljihuna.

Amma fa ba zan yi maka ƙarya ba, da ya kama, ya yi kyau. Wallahi ya yi kyau. Na buɗe hoton bikin yayata na ga zanen lallen hannunta ɗaya bayan ɗaya. A cikin mota ma sai da na buɗe ta sau biyu don kawai in kalla.

Da yamma na sami Baba a gindin darbejiya yana gyaran igiyar jaki, na durƙusa na kunna masa bidiyon da na ɗauka a gonarmu ranar girbi. Ya kalla ya kalla, sannan ya ce, "Da can ba a ganin mutanen ne?"

Na ce, "Ana gani, Baba."

"Yanzu fa?"

"Yanzu an fi gani sosai."

Ya gyaɗa kai. "To, madalla. Allah Ya sa albarka." Ya ci gaba da igiyarsa. Bai ambaci akuya ba, kuma da ya ambata da ya fi min sauƙi. Ina nan durƙushe ina neman abin da zan ƙara faɗa, laftof ɗin ta yi ɗif. Batirinta dama minti arba'in yake yi, kuma sabon gilashi bai ƙara masa ko minti ɗaya ba.

Cikin makon nan ne kuma manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka sami matsala, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu, idan ka tuna ƙarshen Oktoban 2024. Mu a ƙauye dama wuta baƙuwa ce, ba mu saba da ita ba balle mu yi kewarta. Sai dai a lokacin har garuruwan da muke zuwa mu yi caji sun koma kan janareta, litar fetur ta haura naira dubu ɗaya, shagon mai caji ya cika maƙil da wayoyi, kuma laftof kuɗinta daban. Na zama mai sikirin mafi kyau a unguwarmu, wanda ba ya iya kunna shi fiye da minti arba'in a yini. Cikin minti arba'in ɗin ma, kusan biyar na farko a jiran kwamfutar ta gama farkawa suke tafiya, don tsohon faifan ajiya ne a cikinta mai juyawa.

Ra'ayina ke nan, kuma na biya kuɗin akuya kafin in same shi: ga yawancinmu, musamman mu da muke komawa karkara da hutu, sikirin shi ne abu na ƙarshe da ya kamata mu taɓa a jikin laftof. Idan kana da 'yan kuɗi a hannu, batiri ne farko, ko ƙaramin abin ajiye wuta da zai iya cajin laftof, ko ka haɗa kuɗi da 'yan'uwa a sa ƙaramar sola a gida. Sai ka cire tsohon faifai ka sa SSD, wanda shi kaɗai yake mayar da tsohuwar kwamfuta kamar an yi mata wankan jego. Sai RAM, idan 4GB ne ka kai shi 8GB. Waɗannan su ne ke sa aikin da malami ya ba ka ya fita kafin ranar miƙawa. Na taɓa zama ina kallon Premiere Pro yana maƙalewa a kan sikirin mai ɗigo miliyan biyu, maƙalewar iri ɗaya ce da ta da, sai dai yanzu ina ganin ta tas.

Akwai wani lissafi kuma da babu mai gyaran da zai yi maka. Idan ka cusa ɗigo 1920 a gilashi mai inci 14, rubutu yana komawa ƙanana kamar tururuwa. Saboda haka Windows da kansa yake ƙara girman komai, a irin wannan sikirin galibi zuwa kashi 150 cikin ɗari. To raba 1920 da ɗaya da rabi, za ka sami 1280. Raba 1080, ka sami 720. Ma'ana filin aikin da ya rage maka daidai yake da 1280 da 720, ƙasa da 1366 da 768 ɗin da ka gudu ka bari! Rubutun ya fi tsabta, wannan gaskiya ne, amma wurin ajiye kayan aiki ya ragu. Sai ka sauke shi da kanka zuwa kashi 125, sannan ka sami 1536 da 864, ɗan ƙari kaɗan, idan idonka zai jure. Ni da na yi ta yi wa Inna bayanin cewa sabon sikirin zai ba ni fili in riƙa buɗe abu biyu a lokaci guda, ranar da na yi wannan lissafin kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki.

Sannan ka tambayi kanka, me za ka kalla a kai? Sikirin ba ya ƙirƙiro ɗigon da babu shi a bidiyo. Kamfanin YouTube da kansa ya ba da shawarar saurin intanet na megabit 5 a daƙiƙa don kallon bidiyo mai 1080, megabit 2.5 don mai 720, sannan 1.1 don mai 480. Na 4K kuwa 20. Idan ka lissafa da waɗannan alƙaluman, awa guda a 1080 na iya lashe maka wajen 2GB, a 480 kuwa kusan rabin 1GB. Tun Janairun 2025 da hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, wane ɗalibi ne yake kallon Labarina ko Izzar So a 1080 da datar aljihunsa? Mu faɗa wa juna gaskiya. Da zarar an saki sabon shiri, hannunmu yana zuwa 360 ne ko 480 tun kafin a gama tallan farko. A ƙauyenmu ma sai ka hau kan tudun bayan makarantar firamare kafin sabis ya kama sosai. Kuma bidiyo mai 360 a kan sikirin mai 1080 bai fi kyau ba, wani lokacin ma ya fi nuna muninsa, don sai an baza kowane ɗigo ya rufe wurin da yawa.

Haka abin yake ta ɓangaren masu kallon aikinka. Ka kwana kana gyara bidiyo, ka tura a WhatsApp, manhajar ta matse shi. Ko zaɓin HD da suka ƙara a 2023, iyakarsa 720 ne a bidiyo. Mutanen da kake yi domin su, 'yan garinku da 'yan ajinku da 'yan'uwa a Kazaure da Daura, a waya za su kalla, da yawansu ta Xender za a tura musu. Abin da zai sa su tsaya har ƙarshe shi ne su ji muryar mai magana ba tare da iska tana busawa a ciki ba, kuma labarin ya taɓa su. Da na sayi ƙaramin makirfon na maƙalawa a riga da wani ɓangare na kuɗin nan, da aikina ya fi canjawa a idon masu kallo fiye da yadda gilashi ya canja shi, don gilashin ni kaɗai nake ganin sa.

Wani lokacin nakan tuna yadda yayyenmu suke ba da labarin zamanin faifan bidiyo na VCD, lokacin da ake taruwa a gidan mai janareta a kalli fim ɗin Hausa. Hoton VCD ɗigo 352 ne da 288, dubu ɗari da 'yan kai, bai kai kashi ɗaya cikin goma na sikirin ɗin da na raina ba. Da shi aka yi kuka, da shi aka haddace waƙoƙi, da shi Kannywood ta shiga Nijar da Ghana da Kamaru. Ba ina cewa mu koma can ba ne, Allah Ya kiyaye. Ina dai tuna wa kaina ne, ni mai koyon aikin jarida, inda ƙarfin sana'ar yake.

Na san akwai mai karanta wannan yana cewa, wato mu 'yan ƙauye mu haƙura da gilashi mai hazo ke nan, masu kuɗi su ji daɗi? Tambayar tana da nauyi, kuma ba na son a fahimce ni a haka. Sikirin mai 1366 da 768 matsattse ne, babu wanda zai musa. Mai haɗa bidiyo yana shan wahala a kansa, don layukan sauti da na hoto ba sa samun wurin zama. Mai zanen fosta ko katin biki yana iya zaɓar launi a kai, a je wurin bugawa ya fito wani abu daban, abokin ciniki ya ƙi biya. Wanda kuma yake wuni yana karanta takardun PDF, tsabtar harafi tana rage masa gajiyar ido. Idan da laftof ɗinka kake cin abinci, batirinka lafiya, SSD na ciki, to canja sikirin jari ne, ka yi abinka. Haka idan naka ya riga ya fashe, tunda dole ka sayi wani, ƙara ɗan abu ka sayi mai kyau ya fi.

Sai dai ko a nan ma, abin da na gano ya ba ni mamaki. Kyan da na gani a laftof ɗin abokina, mafi yawansa ba daga yawan ɗigo ya zo ba. Daga irin gilashin ne. Akwai wanda ake kira TN, shi ne mai araha, wanda idan ka ɗan sunkuyar da shi ko ka leƙa ta gefe sai launi ya juye, fuskar mutum ta koma kamar hoton aljani. Akwai kuma IPS, wanda ko ku biyar kuka kewaye shi kowa zai ga launi ɗaya. Ana samun Full HD a TN, kuma mutane da yawa suna faɗawa nan: an biya kuɗin 1080, an dawo gida da hazon da aka gudu. Ni Allah ne Ya taimake ni nawa ya zo IPS, ba don na san in tambaya ba. Sai kuma ƙarfin haske. Masu araha suna tsayawa wajen nit 220, kuma idan a gindin bishiya kake aiki da rana kamar yadda muke yi a gida, saboda ɗaki ya yi zafi, irin wannan ba za ka ga komai ba sai fuskarka, musamman idan gilashin mai sheƙi ne. Mai nit 300 zuwa sama wanda ba ya sheƙi ya fi dacewa da ranarmu.

Don haka idan ka yanke shawarar yi, kada ka shiga kasuwa irin shigar da na yi. Ko Beirut ka nufa ko Farm Centre, akwai masu gyara da suka san aikinsu ƙwarai, amma wanda ya zo da ilimin abin da yake so shi ake yi wa aiki mai kyau. Ka sa a buɗe a gabanka a karanta lambar da ke bayan tsohon gilashin. Lambar tana magana. Idan ka ga 140 a ciki, inci 14 ne, 156 kuma inci 15.6. A gilashin kamfanin AUO, wanda ya fara da B156XTN na HD ne kuma TN, B156HTN Full HD ne amma TN, shi kuma B156HAN shi ne Full HD mai irin kyan IPS. A na kamfanin BOE, NT a farko na nufin TN, NV kuma shi ne mai kyan. Ka bincika a intanet ko kamfanin da ya ƙera laftof ɗinka ya taɓa fitar da wannan samfurin da Full HD tun daga masana'anta. HP EliteBook 840 G3 da ta cika hannun ɗalibai, alal misali, an fitar da ita da HD an kuma fitar da ita da Full HD, don haka hanyarta a buɗe take. ThinkPad T420 da T430 kuwa tsarin LVDS ne, ba a fitar da su da 1080 ba, masu nacin yi sai sun ƙara wani ɗan allo na musamman a tsakani, wahalar da ba ta kamaci kuɗin ɗalibi ba. Ku yi yarjejeniya tun farko cewa sai ya kama za ka biya, kuma a ba ka tsohon gilashinka ka tafi da shi, don kaya ne, ana saye. Sannan ka tsaya a kai a cire batiri kafin a taɓa kebul ɗin. Idan aka soke shi da wuta a jiki yana iya ƙona fis ɗin hasken sikirin, ka zo gyaran gira ka rasa ido.

Kafin duk wannan ma, ka duba shekarun kwamfutar. Tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, shi kuma Windows 11 a hukumance yana neman injin Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama. Da yawa daga cikin laftof na hannu da ke yawo a makarantunmu 'yan ƙarni na huɗu ne zuwa na shida. Za su ci gaba da aiki, ba wai za su mutu gobe ba ne, amma zuba kuɗi mai yawa a fuskar irin wannan kamar yi wa ginin ƙasa fentin mai ne ana gab da damina. Wani lokacin idan ka haɗa kuɗin gilashi da na kebul da na aiki da na mota, ka ɗora a kan abin da za a sayi tsohuwar, ka kusa kai wa ga wata da ta zo da Full HD ɗinta tun asali. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, duk wani abu da ake shigowa da shi ya bi ta, gilashin laftof ma haka. Kuskuren da a da za ka yi ka share, yanzu sai ya ci maka zangon karatu guda. Masu karɓar naira dubu ashirin ɗin NELFUND a wata, ku tuna bashi ne, za a biya.

Masu mafarkin 4K a laftof kuwa, ku zo mu yi lissafi. Ido mai lafiya, daga nisan santimita 60 da muke zama gaban laftof, iyakar abin da yake iya rarrabewa bai wuce ɗigo 145 ko makamancin haka a inci ba. Full HD a inci 15.6 ya riga ya kai 141. Shi 4K a wannan girman 282 ne, kusan ninki biyu na abin da idon zai iya tantancewa. Kuma a nan ne batiri yake shan wuya da gaske, don ƙananan ɗigo suna buƙatar fitila mai ƙarfi a bayansu kafin haske ya ratso, injin hoto kuma yana tura ɗigo ninki huɗu. Daga HD zuwa Full HD bambancin cin batiri ba shi da yawa, amma 4K wani zance ne. Ga shi galibi kebul ɗinsa daban ne, mai haƙora 40. Mutumin da ke biyan mai caji kafin ya kunna kwamfuta, me ya haɗa shi da wannan?

Wata dabara da na ga wani ɗan ajinmu yana yi ta fi tawa hankali nesa ba kusa ba. Ya bar sikirin ɗin laftof ɗinsa yadda yake, ya sayi tsohon allon kwamfutar tebur mai inci 22 Full HD na hannu, yana haɗawa da HDMI a ɗakinsa na makaranta idan akwai wuta. Ya sami allo biyu, ya sami fili na gaske ba tare da rubutu ya ƙanƙance ba, kuma ranar da ya canja laftof allon yana nan. Idan talabijin ɗin gida za ka gwada, ka duba tukuna, don yawancin masu inci 32 su ma 1366 da 768 ne, girman ne kawai.

Ke ma 'yar'uwa da ke shirin fasa adashi don wannan, da ke nake. Kuma idan sabuwar laftof za ki saya, a nan ne ya kamata ki kafe. Kada ki yarda da takardar da aka manna a jiki ko bakin mai shago. Ki sa a kunna, ki shiga wurin saitin allo, ki ga lambar da Windows ya nuna a matsayin mafi girma. Ki buɗe hoton fuskar mutum ki karkatar da murfin gaba da baya, idan launi ya juye TN ne. Ki cire caja ki zauna minti goma ki ga kashi nawa batirin ya sauka. Bambancin farashi tsakanin mai HD da mai Full HD a wurin saye sau da yawa bai kai abin da za ki kashe daga baya wurin canjawa ba.

Ni dai har yanzu ina tare da laftof ɗin nan da kyakkyawan gilashinta. Sai da na yi zango guda ina ɗaukar hoton biki da zanen fosta kafin na tara na sa mata SSD, batiri kuma sai bayan sallar layya na samu na canja. Yanzu tana yin awa uku, kuma da ita na rubuta wannan, a gindin darbejiyar nan, da haske a kashi sittin. 'Yar akuyar da jar akuyar ta bari ta girma, tana da ciki. Inna ta ce wannan da sunan ƙanwata za a riƙa kiran ta.